An bar jaki ana dukan taiki: me ke sa kwanan wata ya rikice idan aka haɗa jadawalin bayanai?

Yaya za a yi ciniki ɗaya ya kasance da kwanan wata biyu? Rasit ɗin da ke hannun mutum ya ce Talata, rahoton da ofis ya fitar ya ce Litinin. Wannan ƙorafi yana yawan tasowa a Sakkwato duk lokacin da azumi ya shiga goman ƙarshe, musamman a bakin masu POS da teloli da masu shagunan da ba sa rufewa sai tsakar dare ta wuce. Wasu su ce an yi musu ƙwange, wasu su ce matsalar netwok ce. Su kuma matasan da ke aikin sarrafa bayanai, da zarar sun duba sai su ɗora laifin a kan matakin da ake haɗa jadawali biyu, domin a nan ne suka fara ganin ɓarnar.

Ni ma na taɓa ɗora masa. Wata shekara ina yi wa wani kamfani mai wakilan POS aikin lissafi, wani dattijo daga Mabera ya shigo da damin rasit ɗaure da roba, ya ajiye mini a kan tebur. Ya ce, "Malam, wanga lissahi naku bai yi ba. Kuɗɗina ina sunka tahi?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a zauna mu duba." Kamfanin na biyan lada ne bisa yawan cinikin kowace rana, shi kuwa rahotonmu ya nuna bai kai adadin Talata ba, alhali Litinin ta cika har ta batse. Na baje takardun ɗaya bayan ɗaya. 12:09 na dare. 12:17. 12:40. 12:52. Duk rasit ɗin da ya ɓace daga Talata yana tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya. Ko guda ɗaya bai wuce ƙarfe ɗaya ba. Kuɗinsa na nan, ranar ce aka canza musu.

Haɗa jadawali da aikin gayya

Jadawali a nan shi ne bayanai da aka jera layi-layi, kowane layi da gurabensa: lambar wakili, adadin kuɗi, lokaci. Haɗawa kuwa ita ce a ɗauko jadawali biyu a ce wa na'ura, duk inda lambar wakili da kwanan wata suka zo ɗaya a nan da can, ki manne layukan wuri guda. Abin da ake dubawa a manne ɗin shi ake kira makullin haɗi.

Idan layuka suka kai miliyoyi, kwamfuta ɗaya ba ta iya ɗauka, sai a kira gayya. Manhajar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Apache Spark, wadda aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2009. Kwamfuta ɗaya ce mai gayya, ita ke yanka gonar ta raba kunya-kunya, sauran su yi noma. Sai dai Spark na da wata ɗabi'a: ba ta ɗaga fartanya sai an nemi sakamako. Ka ce ta karanta fayil, ta yi shiru. Ka ce ta juya rubutu ya koma kwanan wata, ta yi shiru. Sai ka haɗa jadawalin ka ce ta nuna maka, sannan ta yi aikin gaba ɗaya. Shi ya sa kuskuren da aka shuka tun wajen karanta fayil ba ya tsirowa sai bayan haɗi, a kama haɗin da duka.

A wurin na'ura, rana lamba ce kawai

Na'ura ba ta san Litinin ba, ba ta san Talata ba. Idan Spark ta ajiye kwanan wata zalla, tana ƙirga kwanaki ne daga 1 ga Janairun 1970. Wato 1 ga Janairun 2024 a cikinta 19,723 ce. Idan kuma hatimin lokaci ne, mai ɗauke da awa da minti, tana ƙirga ɗan ƙanƙanin yanki na daƙiƙa, ɗaya cikin miliyan, daga tsakar daren wannan rana bisa agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya.

Bambancin nan shi ne jigon maganar. Kwanan wata zalla ba ruwansa da inda kake. Hatimin lokaci kuwa wani ƙiftawar ido ne guda a duniya baki ɗaya, kuma kafin a ce ya faɗo a rana kaza, dole a amsa tambaya: rana kaza a wane gari?

Awa ɗayan da ke cinye rana

Duk wanda ya tashi da sauraron rediyo ya san mai gabatarwa kan faɗi lokaci sau biyu: ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Muna gaba da awa ɗaya, rani da damina, ba ma matsar da agogo kamar yadda Ingila da Amurka ke yi. UTC ɗin da kwamfutoci ke bi, a wannan lissafi, daidai yake da GMT.

To, cinikin da Alhaji ya yi 12:17 na daren da Talata ta shigo, a agogon UTC 11:17 ne na daren Litinin. Jadawalinmu na farko yana ɗauke da hatimin lokaci, na biyu kuma yana ɗauke da kwanan wata zalla wanda aka riga aka yanke bisa agogon Najeriya. Don a haɗa su sai da aka yanke wa hatimin awa da minti aka bar rana. Wajen yankewar Spark ta duba saitin da ake kira spark.sql.session.timeZone, kuma idan ba a gaya mata komai ba, agogon kwamfutar da take kai take ɗauka. Manyan kwamfutocin haya da ake aiki da su ta intanet galibi a kan UTC suke. Sai ta ce Litinin, ta manne cinikin da layin Litinin, ba tare da ko tari ba.

Abin da ya sa na kwana biyu ina lalube shi ne, a kan kwamfutata ta cinya komai daidai yake fita. Agogonta na kan Africa/Lagos, sunan da aka yi wa shiyyar agogon Najeriya a kundin shiyyoyin duniya. Na gwada sau uku ina samun Talata, na tura wa gayya ta dawo mini da Litinin. Akwai ma wani tarkon ga masu amfani da PySpark, wato masu ba Spark umarni da harshen kwamfuta na Python: idan ka ce show, wato ta nuna maka layuka, lokacin da za ka gani na saitin Spark ne, idan ka ce collect, wato ta kwaso maka su, Python zai juya shi zuwa agogon kwamfutar da yake zaune a kai. Layi ɗaya, amsa biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Me ya sa sai da azumi? Domin a sauran watanni wannan awa ta barci ce, ciniki biyu ko uku ne ke faɗawa ramin, ba mai lura. A goman ƙarshe kuwa garin ba ya barci: masu shayi na ta fifita wuta, teloli na kan keke, jama'a na ɗaukar hanyar masallatan tahajjudi. Ramin na nan shekara zagaye, cunkoso ne ya tona shi.

Gyaran da na fi jin tsoro shi ne na mai gaggawa: ya ƙara awa ɗaya da hannu a kan kowane lokaci, lissafi ya daidaita, ya tafi gida. Bayan wata uku wani ya zo ya gyara saitin shiyyar yadda ya kamata, sai ƙarin ya zama biyu. Yanzu cinikin ƙarfe sha ɗaya na dare ne zai riƙa tsallakawa gobe, kuma wanda ya yi facin farko ya riga ya bar aikin.

03/04/2024: Afrilu ko Maris?

Mu a nan rana muke fara rubutawa sannan wata, yadda muka gada daga Ingila. Amurkawa wata suke farawa da shi. Fayil ɗin da ya fito daga wata manhaja mai saitin Amurka, idan ya haɗu da wanda ma'aikaci ya cika da hannu a Runjin Sambo, an samu harshe biyu a gurbi ɗaya.

Muguntar wannan kuskure a rabe take. Idan ranar ta wuce 12, misali 25/04, babu wata na 25, don haka juyawar ta gaza, gurbin ya zama NULL, wato wofi. Wannan da sauƙi, ana ganinsa. Idan ranar ba ta wuce 12 ba, na'ura ta karɓa hannu bibbiyu ta musanya rana da wata. A shekara akwai ranaku 144 da lambarsu ba ta wuce 12 ba. Cire 12 da rana da wata suka zo ɗaya, irin 05/05, saura 132 da za su iya sauya gida a asirce.

Haruffan tsari ma suna da nasu sharrin. MM babba wata ne, mm ƙarami minti ne. dd ranar wata ce, DD ranar shekara. Mafi iya ɓuya shi ne YYYY babba, wanda ke nufin shekarar da makon ya faɗa: yana tafiya daidai da yyyy ƙarami, wato shekarar kalanda, har ƙarshen Disamba, sannan ya mayar da 30 ga Disambar 2024 ta zama ta 2025. Daga Spark 3.0, wadda ta fito a 2020, an daina karɓar wannan harafi, amma yana nan a tsofaffin ayyuka da kuma ƙananan umarnin da mutane ke rubutawa da kansu da harshen kwamfuta na Java.

Shekarun da ba su yi kama da gaskiya ba

Waɗannan ba sa wahalar ganewa, kowace da tambarinta. Ka ga 1 ga Janairun 1970 ta cika rahoto, wani ne ya cike wofi da sifili. Ka ga ranakun sun taru a wajejen 20 ga Janairun 1970, an karanta daƙiƙa a matsayin ɗaya cikin dubu na daƙiƙa: lambar 1,700,000,000 a daƙiƙa 14 ga Nuwambar 2023 ce, a ɗaya ma'aunin kuwa ko kwana ashirin ba ta cika ba. Ka ga 2094, daga Excel abin ya fito, domin shi daga farkon 1900 yake ƙirga, 1 ga Janairun 2024 a wurinsa 45,292 ce.

Akwai kuma ta tarihi. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalanda, aka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga wata. Tsohuwar Spark tana bin tsohuwar kalandar ga duk abin da ya gabaci wannan rana, ta 3.0 zuwa sama kuwa tana mayar da sabuwar kalandar baya har farkon ƙirga. Fayil ɗin Parquet, wani tsarin ajiye jadawali, da tsohuwar ta rubuta, sabuwar ta karanta, tsofaffin ranaku na iya gocewa. Za ka ce wa ke da ciniki kafin 1582? Babu, amma akwai manhajojin da ke saka 0001-01-01 a madadin "ba a sani ba", kuma wannan ranar tana gocewa da kwana biyu, ta daina dacewa da takwararta a ɗaya jadawalin. Mai tsara kundin rubuce-rubucen hannu irin na Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu shi ma abin zai iya shafarsa: ranakun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo lafiya lau suke, amma rana a 1505, shekarar da Imam Suyuɗi ya rasu, za ta goce da kwana goma.

Inda haɗin da gayyar ke da nasu laifi

Kada kuma a wanke su tas. Idan jadawali biyu kowanne na da gurbi mai suna ɗaya, a ce ranar buɗe asusu a nan, ranar ciniki a can, duka an rubuta musu date, bayan haɗi ana iya ɗauko wanda ba shi ake nufi ba. Ranar ingantacciya ce, ta wani abu ce dabam. Idan kuma aka gwada kwanan wata zalla da hatimin lokaci kai tsaye, Spark za ta ɗauki ranar a matsayin sha biyun dare cif, don haka cinikin da aka yi a wannan daƙiƙar kaɗai zai dace. Wofi kuwa ba ya daidai da wofi: layi biyu da duka ba su da rana ba za su manne ba, kuma a haɗin da ke riƙe masu dacewa kawai, sai su zube ba sallama.

Na gayya ya fi ban haushi, domin ba ya maimaita kansa. Wajen haɗi Spark kan kwashe layuka ta sake raba su tsakanin kwamfutoci, kuma babu alkawarin wanda zai riga isowa. In wakili ɗaya na da layi uku ka ce a ba ka na farko, ko ka ce a zubar da maimaici, ba tare da ka faɗi bisa me za a jera ba, yau za ka samu ranar Maris, gobe ta Yuni, alhali ba ka taɓa komai ba. Sai kuma tsohon mai juya rubutu zuwa kwanan wata na Java, SimpleDateFormat, wanda ba a yi shi don hannu da yawa ba. Idan ayyuka da dama a kwamfuta ɗaya suka yi tarayya a kan guda, kamar mutum huɗu ne ke rubutu a allo ɗaya: shekarar wannan ta haɗu da watan wancan. A gwaji da layi ɗari ba za ka taɓa gani ba. Magajinsa, DateTimeFormatter, ba shi da wannan cuta.

Bin sawu

Abin da damin rasit ɗin Alhaji ya koya mini shi ne a fara da auna tazarar. A ɗebo layuka ashirin da aka tabbatar da ranarsu ta gaskiya daga takarda, a ga nawa suka goce. Kwana ɗaya, kuma duk a awa guda ta dare: shiyyar agogo ce. Rana da wata sun yi musanya: tsarin rubutu ne. Shekara ɗaya a ƙarshen Disamba: harafi ne. Yau kaza gobe kaza: jeri ne ko tarayyar allo.

Daga nan a koma baya, kafin haɗi. A duba printSchema, umarnin da ke nuna irin kowane gurbi, na kowane jadawali a ga ko gurbin rubutu ne, ko rana, ko hatimi, don sau da yawa abin da ido ke gani kamar kwanan wata rubutu ne kawai. A ƙirga wofi kafin juyawa da bayanta. A ƙirga layuka kafin haɗi da bayansa, in sun ƙaru makullin na da maimaici. Haɗin da ake kira left_anti yana fito da marayun layuka, waɗanda ba su sami aboki ba, kuma yawanci kallo ɗaya za ka yi musu ka ga abin da ya tara su. Ni dai ban ƙara barin Spark ta yi mini hasashen irin gurbi daga fayil ɗin CSV, wato jadawalin rubutu zalla, ba. Ina karanta shi a matsayin rubutu, in juya da kaina da tsarin da na faɗa ƙarara, in kuma ajiye asalin rubutun a gefe don ranar musu.

A tsaya ko a wuce?

Masu wannan aiki sun rabu a kan abin da ya kamata na'ura ta yi idan ta ci karo da ranar da ba ta gane ba. Wasu na son ta saka wofi ta wuce, domin aikin dare kada ya tsaya saboda layi ɗaya, a wayi gari babu rahoto, babu biyan lada. Wasu na son ta tsaya cak ta yi ƙara. Spark 4.0 ta 2025 ta koma ɓangare na biyu, inda saitin spark.sql.ansi.enabled ke zuwa a kunne. Ni ma can na karkata idan maganar kuɗin mutane ce ko ranar rigakafin yaro ko ranar fara aikin ma'aikaci da za a lissafa masa fansho da ita. Rahoton da ya makara kowa ya san ya makara. Wanda ya fito a kan kari da ranar ƙarya, mai ƙaramin ƙarfi ne zai yi ta sintiri da takardu yana neman a yarda da shi. Amma a sani, wannan saiti ba ya kama musanyar 03/04, ba ya kuma kama awa ɗayan nan, domin a idonsa duka ranaku ne halastattu.

Sauran rigimar ta ajiya ce: a ajiye komai a UTC a juya wajen nunawa, ko a ajiye agogon gida? Ga abin da ya faru a wani ƙiftawar ido, kamar ciniki, UTC ta fi, tare da wani gurbi dabam na "ranar kasuwanci" da aka yanke sau ɗaya bisa Africa/Lagos, kowa ya yi haɗi da shi. Ga ranar haihuwa kuwa, ba ta da awa, kada a ƙaƙaba mata.

Ranar da ke farawa da magariba

Mutumin Sakkwato bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Idan tsohuwa ta ce daren Juma'a, daren da Alhamis ta wuce take nufi, tunda a lissafin Hijira rana na shiga ne da faɗuwar rana. Ma'aikacin banki kuma in ya ce daren Juma'a, wataƙila wanda ke biye da sallar Juma'a yake nufi. Mun saba rayuwa da mafarin rana biyu, mun kuma saba tambaya idan magana ta yi harshen damo.

Matsalar na zuwa ne idan aka ce a haɗa jadawali mai kwanan Hijira, irin na rabon zakka ko rajistar makarantar Islamiyya, da mai kwanan Miladiyya. Java na da kalandar Hijira a cikinta, amma ta Ummul Ƙura ce ta Saudiyya, wadda aka lissafa tun gaba daga shekara ta 1300 zuwa 1600 ta Hijira. A Najeriya kuwa wata na kamawa ne idan an gan shi, fadar Sarkin Musulmi ta sanar, kuma wani lokaci akan sami saɓanin kwana ɗaya tsakanin biyun. Babu saitin Spark da zai warware wannan. Abin da ke aiki shi ne ɗan ƙaramin jadawali na uku da mutum zai riƙa cikawa da hannu, kowane layi na faɗin ranar Miladiyyar da aka sanar a matsayin 1 ga wata, sai a bi ta kansa a haɗa sauran biyun, a kuma rubuta a fili ko abin da aka yi bayan magariba na yau ne ko na gobe. Layin watan da ke tafe kuwa dole a bar shi wofi, har sai rana ta faɗi ran 29 ga wata an ji sanarwa daga fada.